Country Honk ba kwaikwayo ba ce, ita ce asalin

Mutane da yawa in sun ji wakar Country Honk ta kungiyar mawakan Rolling Stones sai su ce ai wasa ne kawai, wai sun dauki wakarsu Honky Tonk Women da ta yi tashe suka sa mata goge don raha. To ba haka abin yake ba fa. Mick Jagger da Keith Richards, 'yan kungiyar, sun fara hada wakar ne a wata gona a Brazil lokacin da suka je hutu karshen 1968, kuma da salon kauntiri, wato kidan karkarar Amurka, suka fara ta irin na su Hank Williams, daga baya ne a situdiyo aka sa mata gitar lantarki ta koma rok, ita ce ta fara fita a Yulin 1969, ta kauntirin kuma sai karshen shekarar a faifan Let It Bleed, shi ya sa ake zaton ita ce kanwa.

Gaskiya Rolling Stones 'yan Landan ne da suka taso da bulus din bakaken Amurka, sunansu ma daga wakar mawakin bulus Muddy Waters suka samo shi, amma Keith tun yana yaro yake jin kauntiri, abotarsa da mawakin Amurka Gram Parsons ta kara masa kaimi ne kawai. Ni kam ta gogen ta fi min dadi wallahi.