Dandamali ya cinye dandali

Tun da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disambar 2024, wata magana ta kama bakin mutanenmu a Katsina ta ƙi saki. Duk taron da aka ambaci al'ada, sai wani ya miƙe ya gyara hannun babbar riga ya ce ai mu ma muna da hajar sayarwa: ga rijiyar Kusugu, ga hasumiyar Gobarau, ga Sallar Gani, ga Hawan Magajiya, abin da ya rage kawai mu jawo 'yan yawon buɗe ido, kuɗin shiga su yi ta zubowa. A tafa masa, a ci shinkafa, a watse. Na daɗe ina jin wannan ina haɗiyewa. Abin da idona ya gani kwanan baya ne ya hana ni ci gaba da yin shiru.

An gayyace ni wani bikin baje kolin al'adu a wani zauren taro a cikin birnin Katsina. A bakin ƙofa na tarar da wani dattijo ɗan garinmu a ƙasar Daura, makaɗin kalangu da na buɗe ido na gani yana yi wa mahauta da 'yan dambe kiɗa. Ya ji sanarwa a rediyo cewa za a yi bikin al'adun gargajiya, ya biya kuɗin mota da kansa, ya taho. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, me ya tsayar da kai a rana?" Ya ce, "Ɗana, sun ce sai mai kati. Na nuna musu wannan, sun ce ba shi suke nufi ba." Abin da ya nuna musu kalangun da ke rataye a kafaɗarsa ne.

A ciki kuwa an jera ƙwarya da faifai da tukunyar ƙasa a kan teburi kamar kayan lefe. An sa wa yara 'yan makaranta kayan aro, suna jiran a kira su. Kiɗan da ke tashi daga lasifika wani yaro DJ ne ke saka shi daga kwamfuta. Jawaban manyan baƙi suka cinye safiya, kowa na maimaita cewa al'adunmu za su kawo baƙi daga ƙasashen waje. Da aka zo kan rawar yaran, rabin kujerun gaba sun riga sun zama wayam.

Raina ya ɓaci, kuma har yanzu bai huce ba. Ba masu gadin nake zargi ba, aikin da aka sa su suka yi. Tunanin da ya haifi irin wannan taro nake ƙi, tunanin da ke ɗaukar al'ada a matsayin kayan nuni ga baƙo, yana ganin masu ita a matsayin cunkoso.

Mu ɗauki hawan da ake ta kururutawa. Wanda ya tsaya a Ƙofar Soro ranar Sallah, ko ya bi Hawan Bariki washegari, doki da mahayi yake gani, sai ya ce masha Allah. Bai ga badukun da ya ɗinka sirdi ba, bai ga maƙerin da ya ƙera linzami da likkafa ba, bai ga wanda ya zauna makonni yana aikin jalala ba, ko mai cusa auduga a lifidi, ko mai naɗa wa hakimi rawani. Bai tambayi inda mai algaita ya koyi riƙe numfashi ba, ko wa ya koya wa mai kakaki abin da kakakin ke faɗa, domin ai magana yake yi, ba ƙara kawai ba. Kirarin da maroƙi ke jerowa na kowace sarauta, da kakannin mai ita, a ƙirji yake, uba ya ba ɗa. Duk waɗannan mutane ba daga sama suke faɗowa ranar Sallah ba. Sauran kwanakin shekara suna cikin unguwanni da ƙauyuka, kuma abin da ke riƙe da su shi ne ƙananan hidindimu: suna, aure, naɗin mai unguwa, saukar karatu, wasan kaka. Idan waɗannan suka mutu, hawan zai ci gaba na ɗan lokaci da kayan gado, sannan a wayi gari ana hayar komai daga wani gari, har mai busa.

Kuma suna mutuwa, kowa ya sani. Ina kalankuwa, wadda samari ke shiryawa bayan an kai amfanin gona gida, su naɗa nasu gwamna da alƙali da 'yan doka, su gayyato samari da 'yan matan garuruwan maƙwabta, a kwana ana kiɗa? A nan yaro ke fara koyon tara kuɗin jama'a da riƙon amana da saukar baƙo. Ina gaɗar 'yan mata a dandali a farin wata, wadda a cikinta ake koyon sarrafa harshe da habaici ba tare da an zagi kowa ba? Ina gangar noma da ke sa gayya ta gama gonar mutum kafin azahar? Tashe ma, da ake fara shi daga goma ga watan azumi, ya koma yara biyu da fanteka suna tare motoci a titi suna roƙo. Tsoho da gemu da Jatau mai magani da Mairama da Daudu wasannin kwaikwayo ne cikakku, masu koya wa yaro abin da ake yi wa dariya da abin da ake jin kunya a garinsu. Yau ka tambayi ɗan shekara 12 a Sandamu ko Zango ya yi maka ɗaya daga farko har ƙarshe, ka ga yadda za ku ƙare.

Masu maganar yawon buɗe ido ba su taɓa ambatar waɗannan, saboda ba su da kyan hoto a allon talla, kuma babu kwangila a cikinsu. Nan ne gizo ke saƙar. Bikin zaure yana da rumfa da kujeru da abinci da anko da buga kalanda da ƙaton ƙyalle mai hoton mai girma wane. Kowanne da mai kawo shi, kowanne da rasit. Makaɗin da aka tuna da shi, in an tuna, shi ne na ƙarshen layi, a miƙa masa na goro a ambulan, wani lokaci ma a ce ya dawo gobe. Wasan dandali kuwa fili ne da fitila da mutanen gari. Ba abin da za a yanka a ciki, shi ya sa ba wanda ke kai shi gaban kasafin kuɗi.

Sai kuma in tambaya: su waye baƙin nan da ake ta jira? Wanda ya taɓa zuwa Daura a watan Gani ya san garin yana cika maƙil ba tare da Bature ko ɗaya ba. Mutanen Baure ne da Zango da Mai'adua da Sandamu, da 'yan uwanmu na tsallaken iyaka daga Magarya da Matamaye da Damagaram, waɗanda suke zuwa tun kafin a shata layin da ya raba mu. Su ke sayen fura da tsire, su ke cika gidajen dangi, su ke biyan 'yan acaba. Lokacin da aka rufe iyaka a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, duk mai zuwa kasuwar Mai'adua ya ga abin da rashinsu ke nufi. Amma da yake a bayan a-kori-kura suke zuwa, ba da kyamara a wuya ba, ba mai lissafa su cikin baƙi. Su ne ake korawa baya da bulala don a buɗe wa manyan baƙi wurin ɗaukar hoto. Ana wulaƙanta baƙon da ya zo saboda wanda bai ma yi niyyar zuwa ba.

Ita takardar UNESCO da ake ta haɗiyar yawu a kanta, a duba Kano ɗin mana. A Babbar Sallar 2024 'yan sanda sun hana hawa saboda rikicin sarauta. Takarda ta zo a Disamba. Ƙaramar Sallar 2025 ta zo, aka sake hanawa. Sunan yana cikin kundin duniya, dawakin suna ɗaure a turke. Ba ina yi wa Kanawa dariya ba ne, abin ya dame ni kamar yadda ya dame su. Ina so ne mutanenmu su gane cewa takarda ba ta hawa doki. Ita kanta yarjejeniyar 2003 da aka kafa jerin a kanta, jigonta shi ne jama'ar da ke yin abin da kuma yadda suke miƙa shi ga 'ya'yansu. Mu mun ɗauki ɓangaren suna mun yar da ɓangaren aiki.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, jihar da ta fi kowace sanin amsar wannan ita ce tamu. Alhaji Mamman Shata ɗan Musawa ne, kuma a Daura aka binne shi a 1999, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Wane zauren taro ne ya yi Shata? A dandali da kasuwanni ya fara, yana yaro mai tallar goro, mutanen ƙauye suka saurare shi, suka yi masa kari, suka gyara masa inda ya kauce, har muryarsa ta kai inda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Fada ta karɓe shi ne bayan dandali ya gama rainonsa. Yau ana ambaton sunansa a kowane jawabin al'ada, amma da yaron nan mai tallar goro zai zo ƙofar zauren da na je, da kati za a tambaye shi.

Na san abin da za a ce. Wasu za su ce duk wannan shagala ce da addini ya hana. Birnin Katsina, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, bai rasa malaman da suka san bambancin wasan kaka da alfasha ba, kuma ɗaruruwan shekaru ana karatu ana gaɗa a gari ɗaya. Wasu za su ce tsaro. Ba zan ce wa mutumin Batsari ko Safana ko Faskari ya fito dandali da dare ba, Allah ya kawo musu sauƙi, amma mene ne uzurin garuruwan da ake kwana ana kallon ƙwallon Turai a gidan kallo har ƙarfe 11? Masu cewa zamani ya wuce wurin kuwa, su leƙa wayar 'ya'yansu su ga yawan damben gargajiya da suke kallo a YouTube da TikTok. Sha'awar tana nan. Filin ne aka yanka aka sayar, aka gina shaguna.

Wannan maganar fili ba ƙarama ba ce. Kusan kowane gari da na sani a ƙasar Daura yana da wurin da tsofaffi za su nuna maka su ce nan ne dandali. Je ka duba abin da ke wurin yanzu. In ba shago ba, to gidan wani ne, ko tulin bulo da ke jiran gini. Ba a taɓa zama an yanke shawarar kashe wasan gari ba. An dai yi ta gutsurar wurin da ake yin sa har ya ƙare, sannan aka dawo ana cewa yaran yanzu ba su son al'ada. Su yi ta a ina, a kan kwalta? Kuma waɗanda suka sa hannu a takardun filayen nan, su ne dai ke zama a kujerun gaba a bikin baje koli suna gyaɗa kai idan an ce a farfaɗo da gargajiya. Wannan rainin hankali ne, kuma ya kamata a daina tafa masa.

Ba wani dogon tsari nake kawowa ba. Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 34, kowace tana da hakimai da dagatai, kuma har yanzu akwai garuruwan da ke da sarkin makaɗa da sarkin pawa da sarkin samari. A ware wa kowane gari filinsa a rubuce, a hana taɓa shi. Kuɗin rumfa da kalanda na biki ɗaya, a raba wa waɗannan mutane bayan kaka, a ba su fitila, a matsa gefe. Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha ta fita daga ofis da na'urar ɗaukar murya ta bi tsofaffin maroƙa da masu busa tun suna da rai. Makarantar da ke son ranar al'adu ta kira makaɗin unguwarta ta biya shi kamar yadda take biyan mai lasifika. In baƙo ya zo daga Ingila ko Abuja, marhabin, ya samu wuri ya tsaya cikin mutane.

Da na fito daga zauren bayan azahar, Baba yana nan a gindin wata darbejiya, bai tafi ba. Na ce ya zo in kai shi tasha. A hanya yake gaya mini cewa cikin 'ya'yansa maza babu wanda ya ɗauki kalangu, babban yana acaba a Daura, kuma rabonsa da a kira shi biki tun kafin azumi. Ya ce yana zaune wani mai babbar mota daga cikin mahalarta ya tsaya ya taya kalangun, wai zai rataye a falonsa. Bai sayar ba. Amma kafin mu isa tasha ya tambaye ni, a ganina, nawa ya kamata ya ce idan mutumin ya sake nemansa.