Wa zai tsaya wa yaron? Sharaɗin jagora a shirye-shiryen horar da matasa a Legas

Wata Asabar da la'asar, a teburin mai shayin da muke zama a Agege, ɗan ƙanwar wani abokina ya zaro takarda daga cikin leda ya miƙo mini da hannu biyu. An manne ta da roba tana ƙyalli, ga tambarin ƙungiyar da ta horar da shi, ga na masu ba da tallafi daga ƙasar waje. Wata uku ya yi yana koyon haɗa wutar sola. Na tambaye shi batun aiki. Ya ce, "Kawu, wuri biyu na je. Duk sun gwada ni, sun ce hannuna ya faɗa, amma in kawo garanto mutum biyu." Na ce to ina jagoran da aka haɗa ka da shi, ai na ji an ce a shirin naku kowa da nasa? Sai ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Sau biyu muka yi magana a waya. A na uku fom ya turo mini ta WhatsApp, wai in sa hannu cewa mun zauna sau shida."

Ya sa hannun, kuma ban ga laifinsa ba. Shi kansa jagoran ban cika ganin laifinsa ba, don daga baya na ji ma'aikacin ofis ne a tsibiri, an jibga masa yara fiye da goma ya lura da su kyauta, bayan ya tashi aiki ya sha cunkoson gadar Third Mainland. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda masu ba da tallafi ke rubuta sharaɗin haɗa kowane matashi da jagora, da kuma abin da ake ƙirgawa a ce an cika shi.

Duk wanda ya taɓa leƙa takardun neman tallafin horar da matasa ya san maganar jagoranci ta zama kamar gishiri a miya. Gidauniyar Tony Elumelu da ke nan Legas, wadda ta buɗe shirinta a 2015 da alkawarin dala miliyan 100 ga 'yan kasuwa 10,000 cikin shekara 10, tana haɗa horo da jagora da jarin dala 5,000. Asusun samar da ayyuka na jihar Legas, LSETF, wanda aka kafa a 2016 zamanin Gwamna Akinwunmi Ambode da shirin zuba naira biliyan 25, yana ba da rance yana kuma horar da masu neman aiki. Shirin Jubilee Fellows da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2021 tare da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, da Tarayyar Turai yana ajiye masu digiri a wuraren aiki na tsawon wata 12. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya horar da yaron da nake magana. Tasa ƙaramar ƙungiya ce daga cikin ɗimbin da ke karɓar kuɗin tallafi su yi horon 'yan watanni, kuma a irin waɗannan ne sharaɗin ya fi zama na jeka-na-yi-ka.

Sharaɗin a karan kansa mai kyau ne, kuma inda aka ɗauke shi da muhimmanci an yi masa ƙa'ida. A Amurka, dokar horar da ma'aikata da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a 2014, wadda aka fi sani da WIOA, ta jera hidimomi 14 da dole duk shirin matasa mai cin kuɗi a ƙarƙashin dokar ya tanada. Ɗaya daga ciki shi ne jagorancin babban mutum ga matashi na aƙalla wata 12. Ƙa'idar ta yarda a yi zaman rukuni ko a yi magana ta intanet, amma ta ce dole kowane matashi ya samu mutum guda nasa da za su riƙa haɗuwa ido da ido. Ta kuma wajabta bibiyar matashin na wata 12 bayan ya gama. Wa'adin nan yana da dalili. A 2002 masu bincike biyu, Jean Grossman da Jean Rhodes, sun bi bayanan yaran shirin Big Brothers Big Sisters, suka gano waɗanda alaƙarsu da jagora ta kai shekara su ne suka fi cin moriya, waɗanda kuwa tasu ta mutu kafin wata uku sun koma baya ta fuskar yarda da kai. Ke nan jagoran da ya kira sau biyu ya ɓace yana iya barin yaro da tabo, don abin da yaron zai ɗauka shi ne wani babba ya duba shi ya ga bai isa a ɓata masa lokaci ba.

Binciken da ya fi kama da halinmu kuwa a unguwar Dandora ta birnin Nairobi aka yi shi, aka wallafa a 2018. An ɗauki mata masu ƙananan sana'o'i, wasu aka sa su aji, wasu aka haɗa su da mata masu irin sana'arsu da suka riga su gogewa a unguwar. 'Yan aji ribarsu ba ta motsa ba. Waɗanda aka haɗa da na gaba da su ribarsu ta ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100, galibi saboda an nuna musu inda za su sari kaya da araha. Da alaƙar ta yanke, ƙarin ya dusashe. Mu Hausawa ba ma buƙatar jami'a ta gaya mana wannan. Da ɗan gari akan ci gari.

Ku je kasuwar Mile 12 da asuba lokacin da manyan motoci ke sauke tumatir da albasa daga arewa. Na taɓa tsayawa kusa da wani dattijon dillali da yaronsa. An sauke kwando, samansa jajir, yaron har ya fara ciniki. Dattijon bai ce uffan ba, ya sunkuya ya shafa gindin kwandon, ya nuna wa yaron tafin hannunsa a jiƙe. Yaron ya gane na ƙasa ya fara narkewa a hanya, kuɗin da ya taya ya yi yawa. Can da mai kayan ya matsa, sai dattijon ya ce masa a hankali, "Wannan mutumin kar ka ƙure shi yau. Shekara goma muna tare, ranar da kaya ya yi wuya shi zai ba ka bashi." A cikin minti biyar yaron ya koyi duba kaya, ya koyi wanda ake ragawa, kuma mai kayan ya ga fuskarsa a gefen mutumin da ya yarda da shi. Na ukun nan shi ne tsadar abin. Gobe in yaron ya zo shi kaɗai, za a ce ai yaron Alhaji ne.

Abin da ake kira jagora a takardun tallafi, mu ubangida muka san shi, ko uwar ɗaki. Haka fataken goro da na shanu suka zauna a ƙasar Yarabawa tun zamanin kakanni: baƙo ya sauka a gidan maigida a zango, maigida ya ba shi masauki, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa in bashi ya shiga tsakani. Har yau a kan haka mayankar Oko-Oba ke tafiya. Maƙwabtanmu Inyamurai sun gina kasuwannin Alaba International da Ladipo a kan nasu tsarin, inda yaro ke yi wa ubangida hidima na shekaru, a ƙarshe a sallame shi da jari. Legas gari ne da ba a ba ka makullin shago, ko babur na kai saƙo, ko ɗakin haya, sai wani da aka sani ya ce ya san ka. Ɗan arewa da ya sauka a Ikko da jakar leda, iyayensa na Jigawa ko Sakkwato, wannan shi ne babban abin da ya rasa. Sana'a kam yana iya koyonta a wata uku.

Kuma yawan masu wannan buƙata ya ƙaru. Tun 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta hana okada kwata-kwata a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, a watan Satumba ta ƙara huɗu, ciki har da Mushin da Kosofe inda Mile 12 take. Samarin da babur ne gonarsu suka watsu, wasu suka koma gida, wasu suka shiga dako da jari-bola. Su ne ya kamata shirye-shiryen nan su kamo. To amma rajista ta intanet ce, da Turanci, sau da yawa ana neman katin zama ɗan jiha na LASRRA, zaman jagoranci kuma a Zoom. Yaron da ya haddace izu sittin, ya iya lissafin kai fiye da ni, amma bokonsa bai wuce firamare ba, zai zauna gaban waya datarsa na ƙonewa, wani mai kwat yana koya masa yadda ake tsara takardar neman aiki.

Kar a ce na mai da ubangida waliyyi. Na san yaran da suka yi shekara takwas a shago ba ranar sallama, in sun yi magana a ce ba su da kunya. Na san waɗanda aka ƙaƙaba wa sata daidai lokacin da ya kamata a ba su jari. Tsarin namu ba rubutu, ba wa'adi, ba inda yaro zai kai kuka sai wajen sarkin Hausawa ko limami, su kuma sau da yawa abokan ubangidan ne. 'Yan mata kuwa kusan an bar su a baya. Yarinyar Idi-Araba da ta koyi ɗinki ko gyaran waya, ba uban da zai yarda a haɗa ta da namiji baƙo da sunan jagora, kuma yana da gaskiya. In shiri bai nemo mata manya masu sana'a ba, sunanta zai shiga rahoto ne kawai don a cika adadin mata.

A nan ne kuɗin tallafi da takardunsa za su yi amfani, don suna da abin da ubangida ya rasa. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta riga ta ce yarjejeniyar koyon sana'a ta zama a rubuce, jami'in ƙwadago ya shaida ta, kada kuma ta wuce shekara 5. Hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, NDE, tun ƙarshen shekarun 1980 take kai matasa shagunan masu sana'a su koya a can. Ba baƙon abu nake kawowa ba. Abin da nake so masu ba da tallafi su rubuta shi ne jagora ya zama mai yin sana'ar da hannunsa, a inda yaro zai iya zuwa da mota ɗaya, cikin harshen da su biyun ke ji, kada kuma a ba mutum ɗaya fiye da yara biyu ko uku. A ja abin ya kai shekara, tunda wata ukun horo ba komai ba ne, wahalar tana farawa ranar da aka raba takardar shaida. A biya jagoran kuɗin mota da na lokacinsa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, zirga-zirga a Legas ta fi ƙarfin a ce wa mutum ya yi don Allah kawai, alhali jami'in shirin yana karɓar alawus na zaman otal.

Na san abin da za a ce: da zarar kuɗi ya shigo, jagororin bogi za su cika takarda, shugabannin kasuwa su rubuta sunayen 'ya'yansu. Haka ne, za a yi. Amma ai yanzu ma bogin ake yi, kyauta. Maganin yana wajen abin da ake tambaya. Mai binciken kuɗin tallafi ya daina ƙirga sa hannu da hotuna, ya ɗauki waya ya kira yaron da kansa bayan wata shida, da Hausa in ta kama, ya tambaye shi wurin wa jagoransa ya kai shi, wane dila ya haɗa shi da shi, ya taɓa tafiya da shi wurin aiki, ya yarda ya sa masa hannu a fom ɗin garanto? Ƙarya a kan waɗannan tana da wuya, don kowace amsa tana da suna da adireshi.

Batun garanto shi ne mai sarƙaƙiya, na yarda. Ba za a tilasta wa mutum ya ɗauki nauyin yaron da bai sani ba, ranar da kaya suka ɓace 'yan sanda su zo ƙofarsa. Shi ya sa wa'adin shekara ke da muhimmanci, don sai an zauna ake sanin hali. Shi ya sa kuma nake ganin ya kamata a ware wani kaso na tallafin a ajiye a matsayin jingina, wanda zai biya asara zuwa wani iyaka in yaro ya yi ɓarna, domin jagora ya samu ƙarfin zuciyar sa hannu. Kuɗin da ake kashewa a bikin yaye ɗalibai, da riguna masu tambari da hayar zaure da mai ɗaukar bidiyo, zai tsaya wa yara da dama. Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu na Mile 12 da Agege su ma suna da aiki a gabansu: su tsara jerin masu sana'ar da suka amince da su, maza da mata, su kai wa masu shirye-shiryen nan da kansu, maimakon jiran ranar da za a gayyace su cika kujeru.

Yaron nan dai yanzu yana bin wani Bayarabe mai haɗa wuta a Ogba. Mai shayinmu ne ya haɗa su, don mutumin ya shekara biyar yana shan shayi a teburinsa. Yana ɗaukar masa tsani, yana hawa rufi, ana ba shi na abinci da na mota, kuma a watan jiya Oga ya bar shi ya haɗa batir da inbata shi kaɗai a wani gida a Iju. Sunan Ogan ba ya cikin fom ɗin kowa. Makon da ya wuce ƙungiyar ta kira yaron, ta ce ya turo hotonsa sanye da hular kwano a wurin aiki, za a sa a rahoton ƙarshen shekara.