Na dawo daga Hajji na tarar motata ta mutu murus

Kwana 38 na yi a Saudiyya. Washegarin dawowata Kano na ɗauki makulli zan je gaida Hajiya, na danna, shiru. Na sake dannawa, ko fitila ba ta ƙyafta ba. Motar lantarkin da na zuba wa miliyoyi don in huta da tsadar fetur tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, ga ta a tsakar gida ta zama dutse, ƙofa ma ta ƙi buɗuwa. A daidaita sahu na je wajen mahaifiyata ranar nan, raina a ɓace.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ban yi sakaci ba. Kafin in tafi takanas na je wajen wanda ya sayar mini da ita, na ce, "Malam, zan haura wata guda ba na nan, yaya zan bar ta?" Ya ce, "Haba Alhaji, cika ta taf ka rufe, ka je ka yi ibadarka. In hankalinka bai kwanta ba, riƙa duba ta ta waya." Haka na yi. Daga Madina ina dubawa, daga Makka ina dubawa, har ranar da manhajar ta daina nuna komai, na ɗauka matsalar intanet ce.

Ashe duk shawarar biyu ɓarna ce. Motar nan batir biyu gare ta. Akwai babban da ke shimfiɗe a ƙarƙashinta, shi ke tuƙa ta. Akwai kuma ƙarami mai bolt 12, irin na kowace mota, wanda ke riƙe da kwamfutar motar da makullan ƙofa, shi ne kuma ke kunna makunnin da ke haɗa babban da sauran jikin motar. In ƙaramin ya mutu, ko babban na cike ba zai yi maka komai ba, caji ma ba za ta karɓa ba. Motar da ke ajiye kuwa ba barci take yi sosai ba, tana ta shan wuta kaɗan-kaɗan, kuma duk sanda na buɗe manhajar nan daga Makka tashin ta nake yi. Wasu motocin kan riƙa ɗura wa ƙaramin daga babban jefi-jefi. Tawa dai abin da ta yi bai isa ba.

Cikawa taf ɗin ma kuskure ne. Batirin litiyam, irin babban nan, ba ya son a bar shi maƙil na tsawon makonni, balle a cikin zafi, kuma kowa ya san yadda Kano take kafin damina ta zauna, zafi har ya haura digiri 40. Wajen rabi ake barin sa in za a daɗe. Wannan ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne, amma a ina zan karanta? Littafin da ya zo da motar da Sinanci aka rubuta shi! Mutumin da ya karɓi kuɗina shi ya kamata ya faɗa mini, kuma maganar ba ta wuce ta minti biyu ba.

Na kira shi sau huɗu kafin ya ɗaga. "Ranka ya daɗe, injiniyanmu yana Legas, sai ka biya kuɗin jirgi da masauki, ko ka jira mako biyu." Ka kawo mota Kano ka sayar, amma ba ka da mutum ko ɗaya a Kano da zai iya buɗe ta? Lokacin ciniki ba a ce mini gyaranta na Legas ba.

Kanikawa biyu na kawo, da suka ji ta lantarki ce suka ja da baya, ban kuma ga laifinsu ba, don wayoyin wuta masu launin ruwan lemo da ke jikin irin wannan mota, wutar cikinsu ta ɗaruruwan bolt ce, tana kisa. Wani yaro rewaya da ƙanena ya samo a wajajen Ƙofar Ruwa shi ya cece ni. Ya zaro ɗan makullin ƙarfe da ke ɓoye a cikin rimot, ya buɗe ƙofa, ya haɗa ƙaramin batirin da na wata mota, nan take allon ya kawo. Ƙaramin dai ya riga ya lalace, don irin wannan batir in ya tsiyaye ƙarƙaf ya kwana biyu a haka ba ya komawa daidai. Sai da na sayi sabo.

Sai ga rigimar caji. A kawo wuta a ɗauke, ko a kawo ta ba ƙarfi caja ta katse, in tashi tsakar dare in sake jonawa. Ƙarshenta janareta na tayar, fetur ɗin da na guda shi na ƙona. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Rasit ɗin batirin yana aljihuna. Ranar Litinin zan kai wa wanda ya sayar mini da motar da kaina, ya biya ni, ya kuma samo mini littafin nan da harshen da zan iya karantawa.