Digiri na biyu a kimiyyar ƙasa ba koyon noma ba ne

A Birnin Kebbi, da zarar matashi ya ce zai tafi Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko ta Ahmadu Bello ya yi digiri na biyu a kimiyyar ƙasa, sai ka ji an yi dariya: "Noma kuma sai ka je jami'a? Je ka fadamar Argungu, kawunka ya koya maka." Wasu kuma suna zaton haƙar ma'adinai zai koyo.

Duka biyun kuskure ne. Aikin masanin kimiyyar ƙasa shi ne ya ɗebo ƙasa daga zurfi daban-daban, ya kai ɗakin gwaji, ya auna tsaminta, gishirinta, yawan yashi da laka, da abin da ya rage mata na sinadaran da shuka ke ci. Manomi ya san gonarsa ta gaji, amma dalilin fa? Buhun takin yuriya kashi 46 cikin ɗari nitrojin ne. Idan fosfaras ne ƙasar ta rasa, ko buhu goma ka zuba, kuɗinka ka ƙone. Haka gonakin rani, inda ruwa ke tsayawa ba magudana, gishiri kan taso ya kashe shinkafa, mai gona yana ta ɗora laifi a kan iri.

Kuma ba gona kaɗai ba. A 2010, gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinare ta kashe ɗaruruwan yara a yankunan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Gwajin ƙasar tsakar gidaje ne ya nuna inda gubar ta taru, aka kankare saman ƙasar aka zuba sabuwa.