Kafin a yi zancen sabuwar jiha, a ƙirga mutanen Zariya

Tun daga watan Fabrairun 2025, da kwamitin gyaran kundin tsarin mulki na Majalisar Wakilai, ƙarƙashin Benjamin Kalu, ya sanar da cewa ya karɓi buƙatu 31 na ƙirƙiro sababbin jihohi, wasu majalisun shayi na Zariya daga Tudun Wada zuwa Kwarbai suka samu abin tauna. An raba muƙamai a baki, har wani ya nuna mini inda ya kamata a gina gidan gwamnati. Raina ya ɓaci, domin ɓata yawu ne kawai. Rabon da farar hula su ƙirƙiro ko da yanki guda tun 1963, sauran duk aikin soja ne, kuma Abacha ya rufe ƙofar a 1996.

Ga abin da doka ta riga ta tanada, amma ba mai ɗaga murya a kansa. Sashe na 73 na kundin tsarin mulki ya ɗora wa hukumar zaɓe ta INEC sake duba iyakokin mazaɓu, sashe na 72 kuma ya ce yawan mutanen kowace mazaɓa ya yi kusa da na 'yar uwarta. Mazaɓun da muke zaɓe a kansu tun zamanin soja aka shata su, ba a sake taɓa su ba.

A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Zariya ta haura mutum dubu 400, a lokacin da rabon kowace kujera cikin 360 na Majalisar Wakilai bai kai haka ba. Kusan shekara ashirin ke nan. Wanda ya san bayan Gwargwaje da hanyar Ɗan Magaji a wancan lokaci ya je yau ya gani: inda ake shuka dawa ya koma gidajen bulo, 'yan garuwa na tura kura cikin lungunan da ko suna ba su da shi. Gundumomi 13, daga Kaura zuwa Dutsen Abba, wakili ɗaya tal ke yi musu magana a Abuja. Ƙidayar 2023 da za ta fito da gaskiyar lamarin kuwa an ɗage ta, shiru kake ji.

Masu cewa "ai muna da Shugaban Majalisa, me kuma muke nema?" su ne suka fi ba ni haushi. Abbas Tajuddeen yana kan kujerar Zariya a Majalisar Wakilai tun 2011, ya zama shugaba a Yunin 2023 da ƙuri'a 353, ba wanda ke musun wannan. Amma shugabancin majalisa rigar aro ce. Ranar da ta koma Kudu ko wata jiha, Zariya za ta koma ƙuri'a ɗaya cikin 360, daidai da mazaɓar da ba ta kai rabinta ba. Masu auna wakilci da buhun shinkafar azumi da keken ɗinki kuwa, ba da su nake ba.

Na san dalilin noƙewar. Tsarin mulki ya ƙayyade kujerun, sai an rage wa wani kafin a ƙara wa wani, kuma ba ɗan majalisar da zai sa hannu a yanka masa gona. To ai yanzu ne Zazzagawa ke da bakin magana a zauren. Wakilan Zariya da Sabon Gari su haɗa kai su matsa a yi ƙidaya, INEC ta fito da taswira kowa ya gani.