Ko minti biyu ba za ku ba Allah ba bayan sallama?

Jiya da Magariba a masallacin unguwarmu, liman bai gama sallama ta biyu ba na ga haske ya tashi a gefena. Wani matashi ne, ya riga ya zaro waya daga aljihu, babban yatsa na ta shafar gilashi. Na waiga bayana, sai ga wasu uku haka. Na huɗun kuwa tuni ya miƙe yana tsallake mutane, har ya gifta gaban wani dattijo da ke cikon raka'a. Wallahi raina ya ɓaci.

Ƙannena, me ke korarku? Wane saƙo ne wannan da ba zai jira ku ce Astagfirullah sau uku ba? Annabi (SAW), wanda aka gafarta masa na baya da na gaba, in ya idar sai ya nemi gafara sau uku, sannan ya ce "Allahumma antas salam wa minkas salam, tabarakta ya zal jalali wal ikram." Kai da ka yi rabin sallarka kana lissafin wasan Arsenal da bashin mai shago, kai ne ba ka bukatar istigfari?

Subhanallah 33, Alhamdulillah 33, Allahu Akbar 33, ka cike na ɗari da La ilaha illallahu wahdahu la sharika lah zuwa ƙarshe. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa mai yin haka za a gafarta masa ko da zunubansa sun kai kumfar teku. Ga Ayatul Kursiyyu, wadda aka ce mai karanta ta bayan kowace farilla babu abin da ya raba shi da Aljanna sai mutuwa. Duka-duka minti nawa ne? Ga ƙoshi ga kwanan yunwa! In 33 ta yi maka yawa, akwai ruwayar goma-goma, a cikinta ma Annabi ya ce abin mai sauƙi ne amma masu yinsa kaɗan ne, saboda Shaiɗan yakan zo wa mutum yana tuna masa bukata kaza da kaza. A da sai Shaiɗan ya yi wahalar raɗa, yau kun sayo masa kayan aiki kun sa a aljihu.

Kada ma a zo batun masu ƙaramin carbin nan na dannawa a yatsa, ana ta ƙyas-ƙyas baki na cin naman mutane. Ko waɗanda wayarsu ke rera waƙar Indiya ana tsakiyar sujada. Wannan sai wata rana.

Sauri dai ya haifi nawa. Ka fita da gudu, ka je bakin masallaci ka tsaya hira rabin awa a teburin mai shayi. To ina saurin? Ku dai gyara, ku riƙa ɗan zama.

Mun taso muna ganin iyayenmu bayan Asuba ba mai motsi sai rana ta fito, carbi na tafiya a hannu, masallaci shiru sai ɗan sautin leɓɓa. Yaro in ya zabura zai tashi, kallo ɗaya kakansa zai yi masa ya koma ya zauna. Jiya da na gama nawa na ɗaga kai, mu biyar muka rage a sahu, huɗu masu furfura ne, ɗayan kuma ladan ne yana jira ya kashe fanka.