Samaru: gonar Bature da ta zama makarantarmu

Duk manomin da ya taɓa sayen irin masara ko na wake ya ga an rubuta SAMMAZ ko SAMPEA a jikin leda, sunan Samaru yake karantawa ko da bai sani ba. A 1922 Turawan mulkin mallaka suka kafa tashar gwajin noma a wannan wuri da ke gefen Zariya, ta zama hedikwatar sashen aikin gona na lardunan Arewa. A nan aka riƙa horar da malaman gona, kuma da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sai tashar ta koma hannunta.

Ba tausayin talaka ne ya kawo Bature Samaru ba. Masaƙun Lancashire a Ingila ke neman auduga, har suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya, BCGA, a 1902 don samo ta daga ƙasashen da Ingila ta mallaka. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, sun ɗauka auduga za ta cika taragai. Sai manoman Kano suka yi nasu lissafin, suka karkata ga gyaɗa: ta fi kuɗi, kuma in shekara ta yi tsanani ana iya ci. Auduga kuwa ba ta shiga tukunya.

A ganina wannan lissafi na manomi shi ne abin da makarantun aikin gonarmu suka fi jinkirin girmamawa. An daɗe ana koya wa malamin gona cewa noman zamani shi ne amfani iri ɗaya a gona ɗaya, wanda ya haɗa gero da dawa da wake kuwa bai waye ba. Sai wajen ƙarshen shekarun 1960 wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, da abokan aikinsa a Samaru suka zauna da mutanen ƙauyukan Zariya, suna ƙidaya kwanakin aiki da abin da aka girbe. Suka tarar haɗa amfanin ya fi biyan wahalar mai gona, kuma in damina ta yi gardama ba a tashi hannu rabbana. Kakanninmu sun riga su sani.

Ban ce Samaru ba ta yi komai ba, Allah Ya kiyaye. Garmar shanu da aka yaɗa tun zamanin Turawa ta sauƙaƙa wa dubban gidaje huɗa. Bayan cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 da ta durƙusar da manoma, masu bincike a can suna cikin waɗanda suka fitar da irin da ke jure mata.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yau ƙauyuka da yawa sukan yi damina guda ba su ga malamin gona ba. Iri mai kyau yana can a tasha, manomi yana nan yana karɓar shawara daga mai sayar da maganin feshi a kasuwa. Gwamnatocin jihohi su ɗauki ɗaliban da kwalejojin aikin gona ke yayewa aiki, su ba su babur da kuɗin mai. Kwalejojin kuma su wajabta wa kowane ɗalibi yin damina ɗaya cur a gonar ƙaramin manomi, yana rubuta abin da ya koya daga gare shi, kafin a miƙa masa takardar shaida.